Gaiwa: Kifin da Ke Iya Nutsewa a Ruwa

Idan ka taɓa bin hanyar Gwarzo a watan Maris ko Afrilu, ka ratsa ta wajen Madadi ko ka gangara ɓangaren Kabo, ka san yadda ƙasa take a wannan lokaci. Kududdufin da yara suka yi ta iyo a cikinsa da damina ya ƙafe ƙaf. Taɓon ya bushe ya tsattsage kamar faso a dugadugin manomi. Akuya ma in ta biyo ta wurin sai dai ta shinshina ta wuce. Kana iya tsayawa a tsakiyarsa da takalminka, ba abin da zai tashi sai ƙura.

Sai damina ta kama, a yi ruwa biyu ko uku masu ƙarfi, wurin ya cika. Kafin mako ya zagayo, yaro ya jefa fatsa ya jawo kifi mai tsawon kamu guda.

To, daga ina? Babu rafin da ya haɗa kududdufin nan da wani gulbi. Babu wanda ya zo da jarka ya zuba. Kuma kifi mai tsawon kamu ba ya girma cikin kwana bakwai, ko da kuwa tuwo da miyar taushe ake ba shi safe da yamma. Da muna yara an ce mana daga sama yake faɗowa tare da ruwa, muka yarda, domin wanda ya faɗa ya girme mu. Gaskiyar magana ta fi wannan ban mamaki. Kifin yana nan tun tuni. Ranar da ka tsaya a tsakiyar busasshen kududdufin kana share gumi, mai yiwuwa ne yana ƙarƙashin takalminka, a naɗe, yana numfashi a hankali, yana jiran ka matsa.

Sunanta gaiwa. Masana kimiyya suna kiran ta Protopterus annectens. Ana samun ta a ruwayen jihar Kano, da fadamun Haɗeja da Nguru, da tafkin Chadi, har zuwa kogin Gambiya da na Senegal. Ka san ta ko da a kasuwa ne: doguwa ce mai santsi, launin taɓo da ɗige-ɗige, idanunta ƙanana kamar na wanda aka tasa daga barci. A inda sauran kifaye suke da fikafikai, ita wasu siraran zaruruwa huɗu gare ta, sai ka ce an liƙa mata taliya. Babba takan kai tsawon mita guda. Ba kyakkyawa ba ce, kuma ba ta damu ba.

Kifi mai huhu

Bari mu fara da abin da ya fi ba da dariya. Gaiwa kifi ce, amma in ka danne ta a ƙarƙashin ruwa ka hana ta leƙowa sama, mutuwa za ta yi. Nutsewa, irin wadda ni da kai za mu yi.

Dalili shi ne, yawancin kifaye, kamar karfasa, suna samun iskar oksijin daga cikin ruwa ne. In ka ɗaga murfin da ke gefen kan karfasa za ka ga wani jan nama mai kama da haƙoran mataji. Ruwa na shiga ta baki ya fita ta nan, jan naman ya tace iskar da ta narke a ruwan ya tura ta cikin jini. Gaiwa ma tana da wannan matata, sai dai tata ta tsuke, ba ta isar ta. A madadin haka tana da huhu, guda biyu, a miƙe a tsawon cikinta. Saboda haka lokaci-lokaci sai ta taso saman ruwa ta buɗe baki ta haɗiyi iska ta koma ƙasa. Kusan kashi 90 cikin 100 na oksijin ɗin da babbar gaiwa take amfani da shi daga iska yake zuwa.

Kada ka ɗauka wannan naƙasa ce. Ka tuna irin ruwan da take zaune a ciki: tsayayyen ruwa ne mai ɗumi, cike da ruɓaɓɓun ganye da kashin shanu. Ruwa in ya yi ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai, ruɓaɓɓun abubuwa kuma suna cinye ɗan abin da ya rage. A irin wannan ruwa karfasa sai ta taso tana haki, ta kife ciki sama. Gaiwa kuwa ko a jikinta.

Za ka ce ai tarwaɗa ma tana shaƙar iska, har takan ja ciki a kan ciyawa ta sauya tafki da dare. Haka ne. Amma abin da tarwaɗa take amfani da shi wani nama ne mai rassa a cikin kanta, ba huhu ba ne, kuma in taɓo ya bushe ƙarau tarwaɗa ta gama yawo. A daidai nan gaiwa take fara nata aikin.

Yadda ake gina ɗaki da baki

A wannan yanki namu ruwan sama yakan ɗauke a watan Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Mayu ko Yuni. Wata bakwai ke nan, wani lokaci fiye. Da gaiwa ta ji ruwa ya fara ja baya, sai ta kafa kai a cikin taɓo ta fara haƙa. Ba ta da hannu, ba ta da fartanya. Da baki take yi: ta gatsa taɓo, ta tauna shi da ruwa, ta fesar ta ramukan gefen kanta, ta ƙara gaba. Ba ta yin zurfi ƙwarai, sau da yawa taƙi ɗaya ne ko biyu. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

In ta isa inda take so, sai ta lanƙwashe jikinta gida biyu, kai yana kallon sama, ta ɗora wutsiya ta rufe fuska, kamar mai jan bargo da sanyin hunturu. Muddin akwai sauran ruwa a ramin, takan ɗan miƙo ta shaƙi iska ta koma. Da ruwan ya tsotse, sai fatarta ta fara zubar da yauƙi mai yawa. Yauƙin ya bushe ya zama wata siririyar riga mai ruwan ƙasa, ta lulluɓe ta duka, in ban da wata 'yar kafa guda da ta shiga bakinta kamar tsinken shan lemo. Ta nan iska ke shigowa daga ramin da ta haƙa. Shi ke nan, an rufe ƙofa. Ba ci, ba sha, ba motsi. Bugun zuciya ya ragu, numfashi ya ragu, jiki ya rage ƙona abinci ƙwarai da gaske.

A daji wannan zama yakan kai tsawon rani ne kawai. A ɗakin gwaji kuwa, inda masu bincike suka ƙi zuba ruwa don su ga gudun ruwanta, an samu wadda ta haura shekara 3 a haka, kuma da aka jiƙa ta ta farka.

Shekaru da yawa an ɗauka rigar nan busasshiyar majina ce kawai, aikinta hana ruwan jiki tsanewa. A 2021 masu bincike a Jami'ar New Mexico ta Amurka, a ɗakin gwajin Irene Salinas, suka nuna cewa abin ya wuce haka. Rigar rayayyiya ce. Fatar gaiwa ce ke saɓulewa shimfiɗa bayan shimfiɗa, kuma wasu fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki ke nan, suna barin ma'ajiyarsu a cikin ciki su yi tururuwa zuwa cikin rigar, su tare ƙwayoyin cuta a can kafin su iso jiki. Da aka lalata wa wasu kariyar da ke cikin rigar, sai fatarsu ta yi gyambo, ƙwayoyin cuta suka shiga jini. Ka ga ashe ba bargo kaɗai ba ne, har da 'yan sintiri a ciki.

Maganar fitsari, tunda dole a yi ta

Yanzu ga tambayar da ɗalibai suke jin kunyar yi a aji, amma kowa na son amsarta. Wata bakwai a ɗaure cikin jaka, ina take zagayawa?

Ba ta zagayawa. Riƙewa take yi. Kai da motar haya ba ta kaiwa Malumfashi daga Kano sai ka ce wa direba don Allah ya ɗan tsaya, sai ka jinjina mata.

Ga yadda abin yake. Duk dabbar da jikinta ke sarrafa furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka, tana samar da wani datti mai suna amoniya. Guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwa. Kifin da ke cikin ruwa bai da matsala, domin amoniya na fita ta matatar numfashinsa ruwa ya tafi da ita. Mu da ke tudu ba mu da wannan gata, don haka hantarmu ke mayar da amoniya wani sinadari mai sauƙin illa, ƙoda kuma ta fitar da shi a fitsari. Sunan sinadarin yuriya. E, ita dai, wadda kake saya a buhu ka zuba wa masara. Ta buhu a masana'anta ake yin ta, amma sinadarin ɗaya ne.

Gaiwa tana amfani da hanyoyin biyu. Tana cikin ruwa, ta fi fitar da amoniya kamar kowane kifi. Ta shiga rami, sai hantarta ta juya ga yin yuriya kamar ta mutum. Amma tun da fitsari asarar ruwa ne, ita kuma ba ta da ɗigon da za ta yi asara, sai ƙodarta ta kusan tsayawa cak. Yuriya ta yi ta taruwa a jininta da tsokarta wata da watanni, har ta kai yawan da in a jikin mutum aka gan shi, likita zai ce a garzaya da shi wankin ƙoda. Ranar da ruwa ya sauka ta fito, sai ta amayar da tarin nan cikin 'yan kwanaki, ƙoda ta koma aiki kamar ba a yi komai ba.

Wannan ne ya ja hankalin wani masanin aikin ƙoda ɗan Amurka, Homer Smith. Ya je har gabashin Afirka ya kwaso 'yar'uwar gaiwarmu daga tafkin Biktoriya, ya yi ta nazarinta a cikin taɓo. Abin ya shiga ransa har ya rubuta ƙagaggen labari a 1932 ya sa masa suna Kamongo, sunan da ake kiran kifin a can. Har yau masu bincike suna bin wannan sawu, domin tambayar tana da nauyi. Wanda ƙodarsa ta gaza yana buƙatar wanki sau biyu ko uku a mako, kuma duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan mara lafiya a ƙasar nan ya san abin da hakan ke yi wa aljihun dangi gaba ɗaya. Ga wata halitta tana kashe ƙodarta ta kunna kamar fitila. Yaya take yi ba tare da naman ƙodar ya lalace ba?

Sai dai a nan ina roƙonka abu guda. Kada wani ya karanta wannan ya fita yana cewa masana sun ce gaiwa maganin ciwon ƙoda ce. Ba mu ce ba. Cin gaiwa ba ya ba ka ƙodar gaiwa, kamar yadda cin zabo ba ya sa ka yi zane. Mai ciwon ƙoda asibiti zai je.

Mai cin jikinta

Hausawa sun daɗe suna cewa gaiwa jikinta take ci. Akan jefi mutum da wannan magana in ya koma cin jarinsa, ko ya fara sayar da kayan ɗaki don ya ci abinci. Wasu sun ɗauka wutsiyarta take gatsa, tun da in an haƙo ta akan tarar da wutsiyar a kan bakinta.

Ba ta gatsar komai. Amma kakanninmu ba su yi kuskure ba, hanyar ce kawai suka ɗan kauce. A cikin rami gaiwa tana rayuwa ne da abin da ta tara a jiki, kuma babban kaso daga tsokarta yake fitowa. Jiki na narkar da tsokar a hankali daga ciki yana ƙonawa. Shi ya sa ma yuriya ke taruwa, domin ita ce tokar da ke saura in an ƙona furotin. Gaiwar da ta fito daga rami ta rame, ta yamushe. Wanda ya fara lura da haka a bakin wata fadama, shekaru aru-aru da suka wuce, ba shi da madubin ƙara girma, ba shi da ma'auni. Ya dai ga ta shiga da ƙiba ta fito a rame, alhali babu abinci a ramin, sai ya yanke hukunci. A ra'ayina wannan kimiyya ce cikakkiya, takarda ce kawai bai rubuta ba.

Ranar da Turawa suka rikice

Mu nan mun san gaiwa kifi ce, mun jefa ta a miya, magana ta ƙare. A Turai kuwa sai da aka yi shekaru ana cacar baki.

A 1837 wani masani a Biyana, Leopold Fitzinger, ya samu 'yar'uwar gaiwa da aka kawo daga yankin Amazon na Kudancin Amurka. Ya duba ya ga huhu, ya ce wannan ba kifi ba ne, dangin su kwaɗo da ƙadangare ne. Ya raɗa mata suna paradoxa, wato mai ɗaure kai. Bayan shekara biyu, a 1839, Richard Owen na Ingila ya samu tamu daga kogin Gambiya. Ya feɗe ta, ya ga huhu, ya ga ɓawon kifi, ya ga zaruruwan nan da ba su zama ƙafa ba ba su zama fiffike ba. Daga ƙarshe ya ce kifi ce, kuma hujjarsa hanci: wai hancinta bai ɓulla cikin baki ba, irin na kifaye. Daga baya aka gano hancin gaiwa yana ɓullawa cikin baki. Wato amsarsa daidai ce, lissafinsa ne ba daidai ba. Duk malamin lissafi ya san irin wannan ɗalibi. Ko a 1870, da Gerard Krefft ya bayyana ta Ostareliya, a matsayin ƙaton ɗan gidan su kwaɗo ya gabatar da ita.

A wancan zamani akan yanko dunƙulen busasshen taɓo daga Afirka ta Yamma da gaiwa a ciki, a sa a jirgin ruwa har Turai. A can a jefa dunƙulen a ruwa mai ɗumi, manyan mutane su kewaye suna kallo, taɓo ya narke, kifi ya fito yana iyo. Abin da yaron Getso ko Lakwaya zai gani kyauta a farkon damina.

Rikicewar tasu tana da tushe. A duniya yanzu jinsi 6 ne kawai na kifi mai huhu suka rage: 4 a Afirka, 1 a Kudancin Amurka, 1 a Ostareliya. Amma an samu burbushin danginsu a cikin duwatsun da suka kai shekara miliyan 400. Kuma da masana suka auna kusancin halittu ta hanyar kwatanta DNA, wato rubutun gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta, sai ya fito cewa a cikin dukan kifaye masu rai babu wanda ya kai kifi mai huhu kusanci da dabbobi masu ƙafa huɗu. A wannan ma'auni gaiwa ta fi kusa da kwaɗo, da damo, da akuyar gidanku, fiye da yadda take kusa da karfasar da suke kududdufi ɗaya.

Zaruruwan nan ma ba ado ba ne. A 2011 masu bincike a Jami'ar Chicago suka ɗauki bidiyon irin gaiwarmu a cikin tankin gilashi, suka ga tana dogara zaruruwan baya a ƙasan tankin tana ɗaga jiki tana takawa, wani lokaci ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ta tura da duka biyu. Tafiya ce, ko da yake ba wadda za a ci gasa da ita ba. In kuma wani kifi ya gutsure mata zare ɗaya, sai wani ya tsiro.

Sai batun yawan rubutun gadon. Na ɗan Adam haruffa wajen biliyan 3 ne. A 2021 masu bincike a ƙasar Sin suka karanta na gaiwa suka samu wajen biliyan 40, ya ninka namu fiye da sau 13. A 2024 aka karanta na ta Kudancin Amurka, biliyan 91. Kafin ka ji an raina ka, ka sani mafi yawan wannan tari maimaici ne, wasu gutsattsari ne da ke kwafar kansu suna liƙawa ko'ina. Kamar mutum ne ya cika ɗaki da littattafai har rufi, ka buɗe ka tarar shafi goma ne aka yi ta buga wa hoto.

Ba zan bar dangin nan ba sai na gaya maka labarin wata ta Ostareliya da ke gidan ajiye kifaye na Steinhart a San Francisco. Tun 1938 aka kai ta can, ana kiran ta Methuselah. Masu kula da ita sun ce tana son a shafa mata ciki, kuma tana son ɓaure, amma ɗanye, in an daskarar da shi ba ta ci. Tsufa ya zo da iyayi.

Farkawa

Ruwan farko in ya ratsa ramin ya jiƙa rigar, gaiwa takan yi 'yan yunƙure-yunƙure ta fasa ta fito, tana tangaɗi kamar wanda ya sha maganin mura. Cikin ɗan lokaci ta warware, sai yunwa. Bakinta ba haƙora ɗaiɗai gare shi ba, wasu faranta ne masu kaifi da ƙarfi, da su take farfasa katantanwa. Tana cin kwaɗi, da ƙananan kifaye, da tsutsotsi, da ƙwari, har da saiwoyi da 'ya'yan ciyayi. Ladabin cin abincinta kuwa sai haƙuri: ta tauna, ta tofar, ta sake zuƙewa, ta sake taunawa.

Daga nan sai aure. Namiji ne ke haƙa gurbi a cikin ciyayin ruwa mara zurfi. Mace ta zuba ƙwai ta kama gabanta. Shi ne zai zauna gadi, yana kaɗa wutsiya don ruwan gurbin ya riƙa motsi ya samu iska, kuma duk abin da ya matso zai sha cizo. 'Ya'yan in sun ƙyanƙyashe suna da wasu gashin numfashi a waje a gefen kai, suna kama da 'ya'yan kwaɗo, sai daga baya huhu ya karɓi aiki. Baturen da ya fara bayyana wannan gurbi a rubuce, John Samuel Budgett, ya wallafa bayaninsa a 1901 bayan tafiyarsa Gambiya. Masuncin wurin da ke masa aiki ne ya kai shi ya nuna masa.

Ba gaiwa kaɗai ke da dabarar tsallake rani ba. Wasu kwaɗi ma binne kansu suke yi, shi ya sa dare ɗaya bayan ruwan farko sai ka ji fadama ta ɗauki kuka. Akwai kuma wani ɗan mitsitsin kifi da aka bayyana a 1928 aka sa masa suna kiyawensis, saboda a kogin Kiyawa kusa da Katagum aka samo shi. Shi nasa tsarin daban ne: iyaye su mutu in ruwa ya ƙafe, ƙwai su zauna a busasshen taɓo su jira damina. Kowa da yadda ya karɓi ƙaddararsa.

Taƙi ɗaya ko biyu

Na ce ka riƙe zurfin ramin. Ga dalili. Duk wannan hikima ta dogara ne a kan abu biyu: ruwa ya ja baya a hankali yadda za ta samu taɓo mai laushi da lokacin haƙa, sannan a bar ƙasar wurin yadda take har damina. Fari ba ya ba ta tsoro. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne mu.

Dubi abin da ke faruwa da ƙananan fadamu yanzu. Injin ban-ruwa na iya zuƙe kududdufi cikin kwanaki kaɗan. Da ya tsane, a shiga da garma a shuka tumatir ko albasa a kan danshin, kuma taƙi ɗaya ko biyu bai fi ƙarfin garma ba. Masu yin tubali da bulo na ƙasa suna kwashe yumɓun. Maganin feshi na gangarowa daga gonaki. In garma ta yaga rigar nan, ka ji abin da binciken New Mexico ya nuna, ko ba a ɗauke ta ba tana iya zama abincin ƙwayoyin cuta. Manyan madatsun ruwa ma sun sauya lissafi. Tiga da aka gama a 1974, da Challawa da ke nan Ƙaraye kusa da mu, wadda aka gama a 1992, sun kawo ruwan sha da noman rani, amma sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru duk shekara, kuma irin wannan wuri mai cika ya ƙafe shi ne gidan gaiwa na asali.

Ba cewa nake a bar noman rani saboda kifi ba. Mai iyali goma da buhun taki na bashi ba zai saurari wannan ba, ni ma ba zan faɗa masa ba. Kuma a jerin ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa, gaiwa tana cikin waɗanda ba a fargaba a kansu, don tana da faɗin ƙasa. Sai dai jerin duniya ba ya ƙirga kududdufi ɗaya-ɗaya. Gaiwar Gambiya ba za ta zo ta cika kududdufin Madadi ba. Wanda babu rafin da ke shigarsa, in aka tone na cikinsa kaf a rani guda, damina za ta zo ya cika da ruwa, yara su jefa fatsa su jawo ciyawa. Barin mafi zurfin lungun fadama ba a nome shi ba, ɗan wurin da bai fi shimfiɗar tabarma uku ko huɗu ba, ba zai rage wa kowa kwandon tumatir ba. Nama ne ake ajiyewa a ƙasa ba tare da firji ko wutar lantarki ba.

In kana son ganin ta da idonka, ka nemi tsohon masunci ko manomin fadama ya raka ka a ƙarshen rani. Abin da ake nema ɗan rami ne ko ɗan tudun busasshen taɓo a inda ruwa ya ƙare tsanewa. In an haƙo ta an taɓa ta, takan yi wani ɗan gurnani, iska ce ke fita daga huhu. Ka kiyayi yatsanka, bakin da ke fasa katantanwa ba ya tambayar sunan mai yatsa. In miya za ka yi, Allah ya sa albarka. In kuwa so kake ka kai ta gida yara su ga yadda take farkawa, ka sa ta a baho da ruwa rabi, ka rufe da raga ko kwando don kada ta fice. Kada ka cika bokiti har baki ka danne da murfi. In ka yi haka, da safe sai ka nemi yadda za ka yi wa maƙwabta bayanin cewa kifinka ya nutse.